Shuɗin da Ba a Rina Ba

A bakin kogin Huwallaga, inda ruwa ke cin gaɓa kowace damina,
kakata Eufemiya kan zubar da ruɓaɓɓiyar ayaba bayan ɗaki.
Ba don kaji ba. Tana da baƙo.

Da hantsi yake zuwa, ta hanyar rafi,
tafiyar wanda ya sha ya bugu, ya hau, ya gangaro.
Ya buɗe, walƙiya ba hadari.
Ya rufe, busasshen ganye.
Tsuntsun da ya biyo shi ya tsaya yana waige-waige,
ƙasa ta haɗiye abincinsa, ko kuwa sama?

Malam-buɗe-littafi ne, faɗinsa ya rufe tafin hannuna.

Shekarar da na bar makaranta, Malama Zoraida ta zo daga Lima
da raga, da allurai, da akwati mai murfin gilashi.
Ta ɗauke ni aiki, ta miƙo mini shuɗin tsumma,
ta ce in kaɗa shi a rana.
Na kaɗa. Sai ga namijin ya sauko a fusace,
ya zaci wani ne ya keta masa iyaka.
Faɗan da ya zo nema, a raga ya ƙare.

"Ƙirga ƙafafunsa, Nilber."
Na ce huɗu.
"Shida ne. Duba ƙirji, ya naɗe biyu,
gajeru masu gashi, ba ya takawa da su.
Da wannan ake gane danginsa, Nimfalidi.
Sunan gidansu Morfo."
Ta juya shi rigingine, ta lissafa idanun ƙarya
da ke jere a bayan fiffike, ba ƙiftawa, ba gani.
Ta rubuta rana, ta rubuta wuri,
da harshen da babu mai yin ciniki da shi a kasuwa.

Kaka na gefe tana ɓare rogo.
Ba ta san Nimfalidi ba.
Ta dai san ƙwansa, ɗigon raɓa mai kore-kore a kan ganye.
Ta san gizakar, ja da rawaya, mai gashin ƙaiƙayi,
wadda ba ta kiwo sai rana ta yi sanyi,
in ka taɓa ta, ta bar maka warin man da ya lalace.
Ta san ranar da takan rataye kanta, kai a ƙasa,
ta zama kamar ɗanyen ɗan itace,
mako biyu babu motsi,
sannan fata ta tsage, ya fito jiƙe, a yamutse kamar wanki.
Ba ruwansa da fure, in ji ta, ruɓa yake so,
kuma da ƙafa yake ɗanɗana.
Wata guda ma ba ya cikawa bayan haka.

Da dare, a hasken fitila, Malama ta ɗiga barasa a kan fiffiken.
Shuɗin ya koma kore a gabanmu.
Muka yi tsit. Ya bushe, ya dawo.
Ta ce, "Babu baba, babu marina a jikinsa.
Ƙananan ɓawo ne, jere kamar jinka,
su tare haske, su zaɓi shuɗi, su maido wa ido."

Kaka ta ajiye wuƙa.
"To aro ne ke nan?"
"Kusan haka."
"In kin rufe akwatin, kin kai shi ɗakin duhu a Lima,
me ya rage miki a ciki?"

Malama ta yi dariya, ta soke allura,
ta daɗe ba ta rufe murfin ba.

Ta tafi ranar Talata, a kwalekwalen masu koko.
Ni na ci kuɗina, na sayi takalmi.
Tsumman yana nan, kaka na ɗaure kai da shi.
Wani lokaci in ta sunkuya wanki a rafi,
sai ɗaya ya sauko, ya kewaye ta sau biyu,
ya nemi abokin faɗa, ya rasa,
ya wuce bayan ɗaki, wurin ayaba.